Jitar Auta a Gonar Baba

Ni na goye shi, saboda haka ina da ikon in faɗi abin da na ga dama a kanshi. Autanmu ne. Inna ta rasu ta bar mani shi yana rarrafe, kuma tun yana da majina a hanci ba ya ganin gwangwani ya ƙyale. Sai ya huda shi, ya ɗaura mashi wayar birkin keke, ya zamna bayan rumbu yana ƙirin-ƙirin har kaji su gaji su bar mashi wurin. Muna cewa ƙuruciya ce, za ta wuce. Ina! Girma ta yi, ta tara suma, ta sa wando mai faɗin ƙafa da takalmi mai tudu, ta hau mota ta tafi Kaduna.

Gidanmu yana wani ɗan ƙauye a bayan Sheme, kuma gidan noma ne tun kakanni. Kakanmu bamaguje ne, Baba ne ya musulunta da ƙuruciyarshi, amma ba wanda ya karɓe hauya daga hannun matan gidan, duk muna noma. Baba kuwa a zamaninshi in an kira gayya shi ake zuwa kallo. Har take gare shi, wato ɗan kiɗin da mai gangar noma ke buga mashi shi kaɗai. Yadda ake yi, manoma su jeru kowa da kunyarshi, mai ganga yana biye da su a baya. Duk wanda ya ga ya fara sanyi sai ya matsa dab da kunnenshi ya buga mashi takenshi, nan da nan ka ga mutum ya zabura kamar ba shi ba. In kaka ta yi, mai gona ya fitar da damin dawa a kai wa makaɗi har gida. Ba sadaka ba ce, hakkinshi ne, kuma Baba bai taɓa bari ya kwana a wuyanshi ba.

Ranar da Auta ya zo da jita rataye a kafaɗa ya ce ya sami sana'a, Baba bai yi faɗa ba. Da ma faɗan ya yi. Cewa kawai ya yi, "Gidan nan mu ake yi wa kiɗi, ba mu yi wa kowa." Daga ranar bai ƙara amsa gaisuwarshi ba. Auta zai zo da salla, ya tuɓe takalmin nan mai tudu, ya durƙusa ya ce, "Baba, ina wuni," Baba ya juyo ya tambaye ni ko an ba awaki ruwa. Shekara da shekaru a haka. Auta yakan yi dariya ya ce rigimar tsufa ce. Ƙarya yake. Na san fuskar nan tun ba ta da gemu, abin yana cin shi ƙwarai.

Shekarun nan ne kuɗin mai suka haukata ƙasa. Wanda jiya ke aron jaki, yau ga shi bisa babur da rediyo a kafaɗa. Samarin ƙauyenmu suka watse, wasu leburanci wurin masu shimfiɗa kwalta, wasu gadi a birni, su dawo da agogo a hannu, ka tambaye su lokaci su ɗaga kai su dubi rana. 'Yan kwangila kuma suka daina yarda a yi masu biki da kalangu kaɗai, sai an kawo 'yan jita. Nan kakar Auta ta yanke saƙa. Shi da abokan kiɗinshi yau Zariya, gobe Gusau, jibi Funtuwa. Duk abin da ya samu, maimakon ya sayi saniya ko ya yi aure kamar mai hankali, sai ya ƙara akwati.

Na ga akwatunan nan da idona wata damina. Ina gidan aurena a Mairuwa, suka taso daga wani biki a Sabuwa, suna da wani a Kankara bayan 'yan kwanaki, sai ya sauka wurina. Aka jibge kayan a zaure saboda ruwa, maigidana ya koma shiga gidanshi a karkace. Auta ya ja ni wai zai nuna mani arzikinshi.

"Yaya, wannan ita ce amfilifaya, ita ke ƙara wa jita murya."

"Waccan fa?"

"Ita ma amfilifaya ce."

"Ta farkon ba ta jin magana ne?"

"Haba Yaya. Ɗaya ta kaifin sauti ce, ɗaya ta kauri."

To madalla. Sai lasifikoki, kowace ta isa a yi wa amarya adaka da ita. Sai wasu 'yan ƙarafa da ya jera bisa katako, ya ce sunansu feda, kamar ta keke, sai dai waɗannan ko shekara ka yi kana takawa ba inda za su kai ka. Ɗaya in ya taka, jita ta yi kukan jariri mai ciwon ciki. Ɗaya ta sa ta shaƙe tana gurnani, kuma wai da gangan ne, kuɗi ya sa ya sayo shaƙewar daga Legas. Ɗaya ta sa sauti ya kama rawar ɗari. Uwarsu duka wani akwati ne da zaren kaset ke zagayawa a cikinshi, shi kuma sunanshi eko. In Auta ya buga sau ɗaya, akwatin ya maimaita mashi, ya sake maimaitawa, ya sake, har abin ya dushe. Na ce mashi bayan dutsen garinmu ana samun wannan kyauta, in ka yi ihu. Ya ce ni ba zan gane ba. Kowane ɗaya kuma da wayarshi da ke shiga cikin ɗan'uwanshi, kuma dole a bi su daki-daki, in aka sa wannan gaban wancan wai sauti ya lalace. Daga ƙarshe duk su taru su dogara ga janareta, wanda shi kuma ya dogara ga ganin dama.

Da muka zamna cin tuwo ya tambaye ni Baba. Na gaya mashi gaskiya. Babbar gonar Baba ta dawa ciyawa ta kusa haɗiye ta, lokacin maimai, wato noma na biyu, yana wucewa. Baba ya kira gayya, tsofaffi ƙalilan suka zo, aka yi abin da aka yi aka watse. Tsohon mai gangarmu ya rasu, ɗanshi ya rataye gangar a ɗaki ya tafi gadin wani kanti a Kaduna. Samarin da suka rage kuwa ba mai duƙawa a gonar wani ba kiɗi ba 'yan mata. Baba shi kaɗai yake fita, ya dawo yana dafa ƙugu.

Auta ya ajiye lomar da ke hannunshi. Na ga idonshi ya yi wani haske, na ce a raina, shi ke nan, mun shiga uku.

"Yaya, ni zan yi mashi kiɗin gayyar. Wallahi sai an rasa wurin tsayawa a gonar nan."

"Wurin tsayawa muke nema ko masu duƙawa?"

"Ke dai ki je ki tambayar mani shi. Don Allah, Yaya."

Yadda ya ce don Allah ɗin nan, da muryar da yake roƙona ƙanzo yana yaro, shi ya sa na yafa gyale washegari. Na ishe Baba a ƙofar gida yana gyaran ƙotar hauya.

"Baba, Auta ya ce in ka yarda zai zo ya yi kiɗin gayya."

Ya ci gaba da gyaran ƙotarshi.

"Baba, ciyawar nan fa ta kai gwiwa."

"Na gani. Idona bai mutu ba."

"To me zan ce mashi?"

"Ni ban sa wa gonata ƙyaure ba."

A bakin Baba wannan goron gayyata ne, har da ɗan turare.

Labari ya bazu cewa za a yi gayya da jita mai wuta. Jama'a, na ga mutane ranar nan! Har daga ƙauyukan Faskari, wasu ma suka ce daga wajen Yargoje suka taso. Sai dai akasarinsu cikin kayan salla suka zo, masu hauya a kafaɗa ba su kai rabi ba. Mu mata tun da sassafe muke kan murhu, tuwon dawa da miyar kuka da fura ƙwarya-ƙwarya. A-kori-kurar da ta ɗauko kayan Auta ta kafe a lakar bakin rafi, sai ƙartin da aka tara don noma suka koma 'yan dako. Ƙarfin safiya, wanda shi ne ƙarfin noma, duk ya ƙare wajen kinkimar akwatuna, Auta na bin su yana, "A hankali! Kar ku kifa ta! Akwai gilashi a ciki!" Ban taɓa jin ya yi wa wani ɗan Adam irin wannan tattalin ba.

Aka jera komai ƙarƙashin ɗorawar da ke bakin gona. Auta ya durƙusa cikin wayoyi, ya cusa wannan ya zare waccan. Aka ja janareta, ya yi tari, ya yi shiru. Aka sake ja, aka zage shi, ya tashi. Sai lasifikoki suka kama wani gunji, wuuu, ba a ko taɓa jita ba. Auta ya ce wayar ƙasa ce babu. Ya samo wani guntun ƙarfe ya kafa a ƙasa, ya ɗaura mashi waya, ya karɓi butar wani dattijo ya tsiyaya mashi ruwa a gindi. Shi ne abu na farko da Auta ya taɓa shukawa a gonar ubanshi, har da ban ruwa. Gunjin ya lafa. Muka ce to bismilla. Ya ce a'a, sai ƙwayayen gilashin da ke bayan amfilifaya sun yi ja sun ɗumama. Hantsi ya dubi ludayi, mutane na zufa, akwati na jiran ɗumi.

Duk wannan bidirin Baba bai ɗaga kai ba. Tun da ya iso ya kama kunyar gefe, can ƙarshen layi, yana ta aikinshi.

Daga ƙarshe manoma suka jeru. Auta ya rataya jita, ya gyara tsayuwa, ya saki sauti. Zan faɗi gaskiya ko ba na so: tsigar jikina ta tashi. Yaron ya iya. Kiɗin gangar noma ne sak ya ɗauko ya ɗora bisa wayoyin nan, har da 'yar gardamar da ganga ke yi kafin ta faɗa. Hauyoyi suka tashi tare suka sauka tare. 'Yan mata suka rangaɗa guɗa. Na ce Allah na gode maka, yau za a fita kunya.

Da ya tsaya a nan da an gama lafiya. Amma mutumin da ya sayi feda da kuɗinshi, ƙafarshi ƙaiƙayi take yi. Ya dubi taron, ya ga ana kallonshi, sai ya taka eko.

Shi kiɗin noma bugu ɗaya sara ɗaya ne, ko yaron goye ya san haka. Yanzu ga bugu ɗaya yana dawowa sau uku. Na kusa suka bi bugun Auta, na tsakiya suka bi na akwati, wasu bayin Allah masu biyayya suka ce sai sun sari duka ukun. Wannan na ɗagawa wancan na saukewa. Hauya ta haɗu da hauya, ƙau! Wani ya sare dawa ya bar ciyawa tsaye tana kallonshi. Wani ya yi tsalle yana riƙe da babban yatsa yana ambaton uwar maƙwabcinshi. Auta daga inda yake bai ga komai ba, ya ɗauka murna ce, sai ya ƙara masu da kukan jaririn nan.

Ga kuma abin da duk cikinmu ba wanda ya tuna, har ni mai baki. Mai ganga bin manoma yake yi. Auta kuwa wayar jitarshi ba ta fi igiyar akuya ba. Manoma na yin gaba, shi yana ɗaure a gindin ɗorawa, ya yi taku biyu waya ta fizgo shi. Wanda ya gaji a tsakiyar gona ba mai zuwa kunnenshi. Da Auta ya ga sun yi nisa sai ya murɗa amfilifaya ta kaifi, ya murɗa ta kauri. Lasifikoki suka ƙwala wata ƙara mai shiga haƙori, jakunan da aka ɗaure suka tsinke suka bi ta cikin gyaɗar maƙwabci. Samari suka ga abin kallo ya fi yawa a baya, suka yar da hauyoyi suka dawo gindin ɗorawa suna leƙen ƙafar Auta. Sai wani wari ya tashi, hayaƙi ya fito ta bayan amfilifaya, janareta ya yi tari na ƙarshe. Tsit.

Mutane suka jira kaɗan. Da suka ga ba alamar tashi, suka tuna akwai tuwo. Ba a taɓa cin abincin gayya da himma irin ta ranar nan ba, da rabin himmar aka kai gona da tuni an gama. Suka suɗe, suka yi godiya, masu kayan salla suka kakkaɓe riguna suka kama hanya suna cewa ai birni birni ne.

Auta na durƙushe ya buɗe bayan akwati, yana busa wani ɗan gilashi yana ɗaga shi sama, gumi na ɗiga daga sumar nan. Raina ya ɓaci. Na je na tsaya a kanshi.

"Auta, bar wannan bokancin haka nan. Ɗaga kai ka dubi can."

Ya ɗaga. Can ƙarshen gona, cikin ciyawa, bayan Baba kawai ake hangowa, yana duƙawa yana ɗagowa, a hankali, shi kaɗai.

Auta ya daɗe yana kallo. Sannan ya kama wayar da ke jikin jita ya zare ta, ya yar. Ya tuɓe takalmin nan, ya naɗe ƙafar wando, ya shiga gona. Na suri ƙwaryar fura na bi shi, wai zan kai wa Baba. Gulma ce ta kai ni, kowa ya sani.

Ita jita mai wuta in ba wuta ba ta da wata murya. Katako ne daskararre, sautinta bai fi kukan sauro ba. Sai da Auta ya je dab da bayan Baba, ya sunkuya har kan jitar na taɓa ganyen dawa, sannan ya fara. Na gane shi tun bugun farko. Taken Baba ne, wanda ba a ƙara jin shi ba tun da tsohon mai ganga ya kwanta. Ashe duk zaman bayan rumbun nan da gwangwani, shi yaron ke koyo.

Na ga bayan Baba ya sandare. Hauyar ta tsaya a sama. Na ce yau sai ya juyo ya raba jitar nan biyu. Sai hauyar ta sauka, daidai kan bugu. Ta tashi, ta sake sauka kan bugu. Baba ya yi gaba, Auta ya bi shi, ƙafa cikin laka. Suka kai ƙarshen kunya suka kamo wata. Ni ina tsaye da ƙwarya kamar wata sokuwa, hawaye na zuba cikin furar mutane. A tsakiyar kunya ta gaba na ji muryar Baba, bai ko waiwayo ba.

"Rage sauri. Ni ba yaro ba ne."

Auta ya rage.

Dattawan da ba su riga sun tafi ba suka hango, suka ɗauki hauyoyinsu ɗaya bayan ɗaya suka shigo layi. Ba su jin kiɗin, hauyar Baba suke kallo suna bi. An yi aiki har la'asar. Kar in yi maku ƙarya, ba a gama gonar ba, ko kusa. Ni da maigidana da tsofaffin nan muka ƙarasa daga baya, kuma dawar shekarar ba ta yi wani abin kirki ba.

Da za su tafi, an sake kinkimar gawar amfilifaya zuwa mota, Auta ya je ya durƙusa ya yi sallama. Baba na alwala, ya ci gaba da wanke ƙafarshi. A bakin mota Auta ya riƙe mani gyale.

"Yaya, maganar da ya yi mani a gona, da ɗanshi ya yi ta ko da makaɗi?"

Na ce mashi ya shiga mota ya bar ni da tambayar banza. Gaskiya ita ce ban sani ba. Kowane manomi yana iya ce wa kowane mai ganga ya rage sauri.

Kaka ta yi, na je taya ɗaurin dawa. Aka gama, ana ta kai dammai rumbu, ina zuba ido in ga an ware na makaɗi. Ba a ware ba. Aka zo na ƙarshe, shi ma Baba ya ce a jefa ciki. Nan fa zuciya ta ɗebe ni. Mutumin da bai taɓa cin hakkin mai ganga ba, yau don nashi ne zai hana? Ba ka amsa gaisuwarshi, ka kuma hana shi ladan guminshi?

"Baba, damin makaɗi fa?"

"Wane makaɗi?"

"Wanda ya bi ka cikin laka har la'asar."

Baba ya dube ni sama da ƙasa, irin kallon da yake yi mani in na zuba gishiri ya yi yawa.

"Ke da girmanki ba ki da hankali? Yaushe aka fara biyan ɗan gida don ya yi aiki a gonar ubanshi?"

Ya juya ya ci gaba da liƙe bakin rumbu.

Na ji labarin su Auta suna Funtuwa. Ranar kasuwa na shiga mota, ni da ban taɓa taka ƙofar otal ba, na yi ta tambaya har aka nuna mani. Na ishe shi da rana tsaka a farfajiya, durƙushe cikin wayoyinshi kamar kullum, an gyara mai hayaƙin, har ya ƙara wata sabuwar feda, Allah ya shirya. Na ce mashi kar ya sa rai da dami, tsohon ya hana. Ya yi 'yar dariyar nan tashi ta ƙarya, ya ce ba komai, da ma bai sa rai ba. Sai na faɗa mashi abin da Baba ya ce, kalma da kalma, har da zagin da na sha.

Auta ya sunkuyar da kai, ya jawo wata waya yana bin ta da yatsa wai yana neman inda ta tsinke. Ya bi ta har ƙarshe, ya dawo farko, ya sake bi, kafaɗunshi na girgiza. Wayar nan lafiyarta lau. Na zamna bisa amfilifayarshi ta kauri, wadda ko ƙuda ba ya bari ya sauka a kai, bai hana ni ba, muka yi kukanmu tare.